Manyan Baƙaƙe Don Idon Baba

A shekarun da kuɗin mai ya sake yin ambaliya, har irinmu ƙananan ma'aikata sai da yayyafin ya taɓa mu. An ƙara albashi, gine-gine suka tashi ko'ina a Katsina, kuma a ofishinmu da ke GRA, inda nake kula da sito, kowa ya nemi abin da zai saya a san shi ma ya samu. Wani ya sayi babur, wani ya sauya wayar hannu. Ni kwamfuta na saya, ta hannu, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, na haɗa da firinta sabuwa fil a kwalinta. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma babu wani aiki da nake yi a gida da ke buƙatar kwamfuta. Ina dai so ne a shigo falona a unguwar Kambarawa a gan ta bisa tebur. A lokacin cewa nake saboda yara na saya, alhali babbarsu ko riƙe fensir ba ta iya ba.

Mahaifina yana zaune tare da mu tun bayan rasuwar mahaifiyata, a ɗakin da ke jikin zaure. Ɗinkin hula ya yi duk tsawon rayuwarsa a cikin gari, kuma idanunsa sun daɗe suna ja da baya. Likita ya gaya mana ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, magani zai rage mata sauri ne kawai. A gabana aka faɗa. Ba zan ce ban sani ba.

Baba yana da wata tsohuwar gafaka ta fata, a cikinta akwai takardu warwara, rubutun hannun malaminsa, addu'o'i da salatai da yake karantawa kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci. Farkon ya haddace, ƙarshen ma haka. Amma a tsakiya akwai wasu addu'o'i masu kama da juna, jere da jere, waɗanda sai yana dubawa yake bin su daidai. Baƙaƙen kuwa ƙanana ne, tawadar ta koɗe, takardar ta yi ja. Tabarau ya daina yi masa amfani a kansu. Sai in ji shi daga tsakar gida yana tafiya sumul, ya zo tsakiyar nan ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa.

Ranar da na kawo kayan ya shigo falo da sandarsa, ya shafa firintar da tafin hannu.

“Wagga kuma mi take yi?”

“Rubutu take fitarwa, Baba. Kuma in ka ɗora takarda bisa gilashin nan, sai ta ɗauki hotonta ta kai cikin kwamfuta, a ƙara mata girma yadda ake so, a fitar.”

“Har rubutun hannu?”

“Har shi.”

“Na Larabci fa?”

“Ita ba ruwanta da wannan, Baba. Duk abin da aka ba ta yi take.”

Ya juya ya fita. Washegari da hantsi sai ga shi da gafakar a hammata. Tun ina yaro ban taɓa ganin ya ba wani ita ba, ko mahaifiyata ba ta taɓa ta.

“Kana da alwala?”

Na ce ina da ita. Ya miƙo mini da hannu biyu.

“In dai za ta iya, ka sa ta ƙara mani girman baƙaƙen ga. Ina son in ci gaba da karanta abina da idona tun ina ganin wani abu. Ba ni son in kai ga zama ina jiran wanda zai karanta mani.”

“Gobe war haka suna hannunka,” in ji ni. A lokacin ko fitar da firintar daga ledarta ban gama ba.

Akwai ɗan littafin bayani a cikin kwalin, Turanci ƙanana kamar tururuwa. Na buɗe, na ga ya yi mini yawa, na jefa shi gefe. Na haɗa waya ɗaya da bango, ɗaya da bayan kwamfuta, fitila ta kawo, na ce shi ke nan. Amma kwamfutar ta yi kamar ba ta san an haɗa ta da kowa ba. Na zare wayar na mayar, na sauya mata rami, na kashe na kunna. Sai da na kwana biyu ina wannan kafin in ga wani faifai da ya maƙale a ƙarƙashin soson kwalin, wanda ashe sai an sa shi kwamfuta ke gane firinta.

Maiɗakina tana leƙowa daga ƙofa tana kallona.

“Injiniya, a kawo abincin nan ne ko sai an sallami ma'aikata?”

“Ki bar ni, aiki nake.”

“Na ji an ce akwai shaguna wajen Babbar Kasuwa da ke ƙara wa takarda girma. Ka yi alwalarka, ka riƙe takardun da hannunka, ka tsaya a kansu a yi maka, kafin la'asar ka dawo.”

“Ina da inji a ɗakina in ɗauki takardun Baba in kai kasuwa? Me mutane za su ce?”

“Waɗanne mutane? Wa ma ya sani?”

Na juya na ci gaba da fama da wayoyina. Da na bi maganarta, da a ranar an gama.

Bayan na sa faifan, ɗaukar hoton ya yiwu. Na ɗora takardun ɗaya bayan ɗaya, suka bayyana a fuskar kwamfuta, na ja su suka yi girma har kowane baƙi ya kai kan yatsa. Wasu sun fito a karkace, saboda haka na ajiye gafakar bisa kabad ɗina, wai sai na sake ɗaukarsu. Ban yi tunanin cewa na raba Baba da ɗan abin da yake lalubawa da safe ba.

Fitarwar ce ta gagara. In na danna, sai shiru. In sake dannawa, shiru. Na yi ta dannawa cikin fushi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Ban san cewa duk dannawar da na yi kwamfuta na jera ta a layi tana jira ba. Da ta ga dama ta fara jan takarda, sai farare suke fitowa, ba ɗigon komai. Da ƙyar na gano akwai wata 'yar leda da aka liƙe bakin katirij da ita, wato ɗan akwatin tawadar, wadda ya kamata a ɓare tun farko. Ina ɓarewa na mayar, sai firinta ta kama aiki ba ƙaƙƙautawa. Shafin farko na addu'ar Baba, da bisimilla a samansa, ya yi ta fitowa, wani bisa wani, har suna zubowa ƙasa. Ban san yadda ake tsayar da ita ba. Na fizge wayar bango. Da na mayar, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Kuma duk ba su yi ba. Saboda na ƙara girman fiye da faɗin takarda, gefen dama ya yanke, inda layin Larabci ke farawa. Na rage, sai ƙasan ya yanke. Ga shi injin ba baƙaƙen kaɗai yake fitarwa ba, har jan tsohuwar takardar yake shafawa, shafi ya fito jiƙe sharkaf, tawada kuwa ta ƙare nan da nan. Aka nuna mini masu ɗura tawada da sirinji, na kai aka ɗura, na dawo tana yoyo. Na yi mako hannuwana baƙi ƙirin, abokan aiki suna tambayata ko na koma rini ne. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar shafi, sai ya maƙale, in ja da ƙarfi ya yage, rabin aya a hannuna rabi a cikin inji. In na bar ta kwana biyu, zafin gari ya busar da bakin tawadar, rubutu ya fito da zane-zanen fari a tsakiyarsa.

Kuskuren da na fi jin ciwonsa shi ne, duk wannan gwaji da takardun Baba na yi shi. Da na rubuta ko da sunan unguwarmu ne in yi ta gwadawa har injin ya daidaita, da ba a kai inda aka kai ba. Amma a kowane karo gani nake wannan ne zai yi, in ɗauka da zafinsa in kai masa ya yaba mini.

Lalatattun kuwa ina tura su cikin kwalin firintar a ƙarƙashin tebur. Na san hukuncinsu sarai. Duk wanda ya tashi a garin nan an koya masa tun yana ƙarami cewa in ya ga takarda mai sunan Allah a ƙasa ya ɗauke, ya soke ta a tsagar bango ko ya ƙona. Na ce ranar Juma'a zan ƙona su gaba ɗaya. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. A cikin kwalin nan kuma nake zuba tsofaffin takardun ofis marasa amfani, waɗanda na saba kawo wa wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai a bakin layi, tana naɗe wa masu saye. Iya muke ce mata duk unguwar.

Baba bai taɓa matsa mini ba. In na fito zan tafi aiki sai ya ce, “Injin naka ya huce?” In ce saura kaɗan. Wata rana da na kwana da takaicin katirij, ya sake tambaya, sai na ji bakina ya ce, “Baba, wannan fa ba ɗinkin hula ba ne, abu ne na ilimi, sai an bi shi a hankali.”

Ya ce, “Haka ne. Allah shi taimaka.” Daga ranar bai ƙara tambaya ba. Da hular nan aka biya mini kuɗin makarantar da nake taƙama da ita.

Wata yamma ina durƙushe ina ƙoƙarin zaro takardar da ta maƙale, sai na ji sallamar Iya daga tsakar gida.

“Masu gida, ko ɗana ya samo mani 'yan takardu? Nawa sun ƙare ƙaf.”

Na jawo kwalin, na leƙa, na ga takardun ofis a sama. Na fita da shi na miƙa mata, na amsa godiyarta a tsaitsaye, na koma ga injina. Ko kaɗan ban tuna abin da ke ƙasansu ba.

Washegari na shirya zan tafi ofis, na tarar da Baba zaune a bakin zaure inda hasken safiya ke faɗowa. Al'adarsa ce in ya taso daga masallaci ya biya wurin Iya ya sayo ƙosai. Ƙosan na zube bisa cinyar rigarsa, shi kuma ya shimfiɗa takardar da aka naɗo su a kan gwiwarsa. Mai ya ratsa ta har ana ganin yatsunsa ta baya. Yana bin layi da ɗan yatsa, leɓɓansa na motsi.

“Zo nan,” in ji shi, bai ɗago ba. “Ashe ta iya. Ga shi ina gani sarai.”

Na matso na leƙa takardar.

“Na daɗe ban ga layin ga da idona ba. Sai yau, a jikin ƙosai.” Ya ɗago. “Guda nawa ne irinta?”

“Ban sani ba, Baba.”

“Suna da yawa?”

“Suna da yawa.”

Abin da na fara yi shi ne juyawa cikin gida ina ɗaga murya, wai me ya sa ba a duba kwali kafin a bayar. Maiɗakina ta fito da ludayi a hannu.

“Ni ka ba kwalin, ko kai ka miƙa mata da hannunka?”

Sai Baba ya miƙe, ya juye ƙosan a wani kwano, ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji, ya ɗauki sandarsa. Na bi shi.

Iya na ganin takardar ta saki matsamin tuya ta ɗora hannu a ka.

“Innalillahi! Malam, wallahi da duhu na fara, ga hayaƙi a ido, hannu kawai nake sa wa in yago. Wayyo ni, yau na naɗe ƙosai da sunan Allah!”

“Ba laifinki ba ne, Hajiya. Kwantar da hankalinki. Ina sauran?”

Ta jawo kwalin, ya yi ƙasa sosai. Tun asuba 'yan kabu-kabu masu haya da babur da leburorin da ke tafiya wuraren gini suka yi ta saye suna wucewa. Wasu sun ci a nan sun yar, wasu sun tafi da su ko'ina cikin gari, inda ba mai iya bin sawu.

Baba ya ba ni kwalin na riƙe, ya fara bin layin. Idonsa ba ya bambance masa takardar da ke ƙasa, saboda haka duk farin abin da ya hango sai ya dogara sanda ya sunkuya ya ɗauka, ya kawo dab da fuskarsa. Takardar sabulu, ledar biredi, kwalin ashana, duk ya ɗaga ya duba. Wasu daga bakin kwata ya tsamo su. In ya sami tamu sai ya karkaɗe ta, ya goge a rigarsa, ya sa a aljihu. Maƙwabta suka fara fitowa suna tambaya ko wani abu ya ɓata.

Ni kuwa a wannan lokaci abin da ya cika mini zuciya shi ne idon mutane, da gogaggun kayan da ke jikina. Na tsinci 'yan kaɗan, na ce, “Baba, ka bari haka nan, in na dawo zan ƙarasa. Na makara.”

Ya ce, “Tahi abinka.”

Kuma na tafi. Na ajiye kwalin a zaure, na tari babur na tafi ofis, na bar tsoho mai mutuwar ido yana tsintar ɓarnata a titi. Babu wani aiki da ke jirana a sito ranar wanda ba zai iya kaiwa azahar ba.

Da na dawo an riga an gama. Maiɗakina ta gaya mini sai da rana ta take sannan ya shigo. Ita ta kawo masa tsohon kasko, suka ƙona su a bayan gida ɗaya bayan ɗaya, da na kwalin da na titin, ya haƙa rami a gindin darbejiya ya binne tokar. Ta ce bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Na same shi a ɗakinsa na durƙusa. Na fara jero bayani, yadda tawada ta yi, yadda wuta ta yi. Ya bari na gama.

“Allah shi yafe mana baki ɗaya,” in ji shi. “Kawo mani gafakata.”

Na kawo. Ya buɗe, ya shafa takardun yana ƙirga su da yatsa, ya rufe.

Abin da ya dace shi ne washegari in nemi wanda ya sani ya nuna mini, tunda hotunan na nan cikin kwamfuta, kuma na ji da kunnena cewa Baba yana iya ganin manyan baƙaƙen. Sai kunya ta hana ni, kunyar da ba ta amfani kowa ba. Na samo wani tsohon zane na lulluɓe firintar, na daina ko kallon wajen. In maiɗakina ta tayar da maganar sai in ce ta bar ni in huce. Kowace safiya ina jin Baba yana karatu, ya zo tsakiya ya tsaya, ni kuma in ƙara ƙarar rediyo. Haka damina ta shigo ta fita.

Ranar da na tashi yin aikin Baba, bai ci mini ko yini guda ba. Na tambayi wata mai buga takardu a ofishinmu, tana cin gyaɗa tana gaya mini inda zan danna shafi ya zauna daidai faɗin takarda, da inda zan danna ya fito baƙi da fari ba tare da jan bayan ba, da yadda ake share layin abubuwan da ke jira. Na sayi sabon katirij. Na gwada da wasu haruffan boko da na buga barkatai har na ga ya fito tsaf. Sannan na yi alwala na fitar da na Baba, tun daga farko har ƙarshe, baƙaƙe manya, baƙi wuluk bisa fari, ba yanka ba zane. Na kai aka yi musu bango.

Bayan la'asar na same shi zaune bisa buzunsa.

“Baba, ga aikin nan. An gama.”

“Wane aiki?”

“Addu'o'inka. Manyan baƙaƙe.”

Ya miƙo hannu, ba daidai inda nake ba, sai da na kai masa. Ya shafa bangon, ya jinjina nauyinsa.

“Madalla. Allah shi yi maka albarka. Kai ni bakin ƙofa.”

Na riƙe hannunsa muka matsa inda haske yake. Ya buɗe, ya kawo shafin dab da fuskarsa, ya matsar da shi nesa, ya karkata shi wajen rana. Sai ya gyara murya ya yi bisimilla, ya fara karantawa yana bin layi da yatsa. A juye ya riƙe littafin, ƙasa a sama. Na buɗe baki zan gyara masa, na fasa.

Ya yi ta tafiya sumul yana juya shafi a inda yake jin ya kamata a juya, domin in ji daɗi. Da ya iso tsakiyar nan sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya koma baya, ya sake tahowa, ya tsaya. Yatsansa na bisa takardar bai motsa ba.

Can ya ce, “Kana da alwala?”

“Ina da ita, Baba.”

Ya miƙo mini littafin.

“To karanta mani daga nan. A hankali, kada ka yi sauri.”